Sunan Ɗan Fari

Fitilar Majiɓinciya ta koma shuɗiya, alamar ƙara ta karɓu. Mutumin da ke gabanta bai gama godiya ba, jiragen ceto marasa matuƙi suka tashi daga rufin ginin, suka nufi inda aka tsare ƙaninsa.

Majiɓinciya na'ura ce mai ƙwaƙwalwar lantarki da ke sauraron koke a Hukumar Kare Haƙƙi ta Birnin Tsauni. Kafin a gyara doka, mai ƙara yawo yake sha daga ofis zuwa ofis, wannan ya ce oga ya fita, wancan ya ce a dawo gobe, har wanda aka zalunta ya mutu ko ya haƙura. Barista Zulaihat Maikano ce ta tsara gyaran. Yanzu ɗan'uwa na jini zai faɗi sunan wanda aka zalunta da bakinsa, na'ura ta tantance dangantakar daga taskar muryoyin da kunnuwan birni suka tara, wato 'yan na'urorin sauraro da ke jikin turakun fitilu da bangon gidaje. Sannan babu mahalukin da zai soke hukuncinta. Wannan sashen Zulaihat ta fi alfahari da shi, domin ya kashe alfarma murus.

Tana tsaye a zauren da hantsi sai ga wata tsohuwa, Inna Yelwa, ta zauna gaban na'urar tana haki. Kamfanin da ke sanyaya birnin daga ƙarƙashin ƙasa ya kulle ɗanta a rami mafi zafi, don ya yi maganar ma'aikatan da ke suma. Abokan aikinsa sun ce ya fara aman jini.

"Faɗi sunansa," in ji Majiɓinciya.

"Yaron nan ne dai, na wajena."

"Faɗi sunansa."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Nan take Zulaihat ta gane. Ta durƙusa kusa da ita.

"Inna, ɗan fari ne?"

"Shi ne, 'yar nan. Ke ki faɗa mata mana. Ni tunda na haife shi bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Ko mai irin sunansa sai dai in ce masa mai sunan yaro."

"Ba za ta karɓa daga bakina ba, Inna. Don Allah ki daure, ransa ake magana."

Inna Yelwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar wadda za a yi wa tsirara a kasuwa. Da ƙyar muryar ta fito.

"Nafi'u."

Sai hawaye. Zulaihat ma ta ji tausayinta, amma ta yi ajiyar zuciya, ai an gama. Fitilar ta yi ja.

"Na bincika muryarki tun daga farkon taska," in ji na'urar. "Kin kira sunayen sauran 'ya'yanki ba adadi. Wannan sunan ba ki taɓa kiransa ba. Ba a ji kin yi masa wasa ba, ba a ji kin yabe shi gaban mutane ba. Babu shaidar ke uwarsa ce. An ƙi ƙarar."

Zulaihat ta daka wa na'urar tsawa, ta ɗora tafinta a kan allon na'urar, ta ambaci muƙaminta. Majiɓinciya ta karanto mata sashen da ta rubuta da hannunta, cikin ladabi kuwa. Masanan da suka koya wa na'urar alamomin soyayyar uwa sun koya mata kira da rarrashi. Ba wanda ya tuna da uwar da ke kawar da kai daga ɗan farinta, alhali shi ne ranta. Zulaihat ma ba ta tuna ba, duk da uwarta har ta rasu ba ta kira sunan ɗanta na fari ba. Sake gyara sashen kuwa sai majalisa ta dawo daga hutu.

"To me zai sa ta yarda?" Inna Yelwa ta tambaya.

"Idan shaida ta taru a taska, ana iya sake shigar da ƙara," in ji na'urar.

Tsohuwar ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fita. Zulaihat ta bi ta har bakin titi. Can ta gan ta tsaye gindin turken fitila, ta ɗaga kai sama, jama'a na ratse mata suna cewa Allah ya ba ta lafiya.

"Nafi'u," take cewa. "Nafi'u ɗana. Nafi'u."

Ta share ido, ta matsa turke na gaba.