Akwatin da Aisami Bai Buɗe Ba

Da la'asar sakaliya Aisami ya ɗaure ordinatarsa, wato kwamfuta, a bayan motonsa mai ƙafa biyu, ya bar Gure ya nufi tudun rairayin da ke bayan kwarin lambu. A cikin gari reson intanet sai ya ga dama yake zuwa, a kan tudun nan kuwa cike yake fal. Ƙungiyar masu lambu ce ta ba shi aikin kafa mata gidan imel na kanta, don masu sayen dabino a Damagaram su riƙa rubuto mata da sunanta. Ya yi hayar sarba a gajimare, wato wata na'ura da ke can wata ƙasar da bai taɓa takawa ba. Ba a ajin lekol ya koyi aikin ba, taurin kai ne ya koya masa. Zuciya kuwa, Allah ya yi masa ita a kusa.

Ya hura gawayi, ya ɗora butar shayi, ya buɗe baƙin allon nan mai farin rubutu. Ya girka manhaja, ya ɗaura sunan ƙungiya a kan adireshin sarbar, ya buɗe wa kowa akwatin wasiƙunsa. Ya tura wasiƙar gwaji. Ta dawo. Ashe masu ba da hayar sun toshe ƙofar da wasiƙu ke bi, sai an roƙe su su buɗe.

Waya ta yi ƙara. Zubair ne, sakataren ƙungiyar, Bafillace abokin wasansa.

"Bawana, aikin ya tashi, ko dai Babarbare ya sha kaye?"

"Koma bayan shanunka! Me ka sani in ba nono ba?"

"Na san rana ta faɗi. Sauko, ba kai kaɗai ke son tudun nan ba."

Aisami ya katse. Ya sake turawa, ta sake dawowa. Ya ƙunduma ashar, ya fizgi butar tana tafasa, ya watsa ruwan a gindin wani kalgo. Ba bisimilla, ba gafara. Kowa ya san ba a yin haka da magariba. Shi ma ya sani.

Sai ihu. Ihun yaro ƙarami, daga ƙarƙashin rairayi.

Kwaɗin kwari suka yi tsit. Wari ya taso, irin na fatar da aka babbaka.

Ordinatar ta yi ƙit. Wasiƙa ta shigo, alhali ƙofa a toshe take. Daga cikin sarbar ta fito, daga wani akwati marar suna wanda ba shi ya buɗe ba.

Layi ɗaya ne a ciki: "Wane hannu ne ya zuba ruwan?"

Ya gaya wa kansa shaƙiyancin Zubair ne, ihun kuma na dila. Ya buga amsa: "Na dama. Sai me?"

Wani abu ya cafke wuyan hannunsa. Bai ga kowa ba. Yatsu ne masu sanyi, dogaye, sun zagaye hannun har sun haɗe. Aka ɗaga shi sama, aka maka da ƙasa. Haƙori ya fita. Aka ja shi da fuska a kan rairayi zuwa murhun.

Aka danna tafin a cikin garwashi.

Ya ji naman na ƙara. Ya buɗe baki, aka cusa masa rairayi.

Numfashi ya sauka a kunnensa, muryar mace, ƙasa-ƙasa.

"Ɗana ne. Duk abin da ya same shi, kai ma."

Aka sake shi.

Bai nemi moto ba. Ya gangaro daga tudun yana birgima, ya keta ƙaya da gudu har bakin hanya. Nan fitilar Zubair ta haske shi, don hankalinsa ya ƙi kwanciya ya biyo sawu.

An ɗaure hannun a asibiti, amma ƙunar ta ƙi kamewa. Da hagu ya goge sarbar, ya yi hayar wata a wani kamfanin, a wata ƙasar. Bai gama girkawa ba akwatin marar suna ya bayyana.

Wasiƙu suka riƙa zuwa. "Yau bai ci ba." Ranar ko kunu bai zauna a cikin Aisami ba. "Jikinsa ya yi zafi." Zazzaɓi ya kayar da shi. Mutumin da ba ya sassauta wa kowa ya koma yana kwana yi wa ɗan aljana addu'ar samun sauƙi.

Ran Juma'a da hantsi Zubair na zaune gefen tabarmarsa, ordinatar ta yi ƙit. Zubair ya karanta, ya juya allon gefe.

"Me ta ce, Bafillace?"

Zubair ya amsa ƙasa-ƙasa. "Wai sun fara haƙa kabari."

Aisami ya yi tari a tafin hagunsa. Ya duba. Rairayi ne.