Tana Samun Sauƙi

A wani gari can, an yi wata nas. Ran nan gwaggonta da ta goye ta ta zo asibiti dubiya, ta ja ta gefe.

"'Yar nan, mene ne ciwon maƙwabciyata?"

Nas ta dubi gwaggo. Ba ta taɓa yi wa gwaggo musu ba, amma sirrin majinyaci amana ne. Sai ta ce, "Tana samun sauƙi, Gwaggo."

Gwaggo ta yi fushi, ta daina amsa gaisuwarta.

Kwatsam ciwo ya kwantar da gwaggo a asibitin, irin wanda ba ta son kowa ya ji. Tana kwance ta jiyo maƙwabta sun tsare nas da tambaya. Ta ƙanƙame zaninta, ta kasa kunne.

"Tana samun sauƙi," in ji nas.

Sai gwaggo ta saki zanin.