Ƙugiya ta Goma Sha Ɗaya

Bayan isha'i ne. Yaya Hassi, 'yar babban baffanmu, ta gama juya kifinta a kan banda, ta zo ta zauna a bakin tabarmarmu tana warin hayaƙi. Ta miƙa hannu ta fizge hular yayana Ilu. Ƙugiyoyi uku suka zubo daga naɗin hular.

"Ina za ka gobe da waɗannan?"

Ilu ya sunkuyar da kai.

"Tafkin Baushe ko? Shekaranjiya aka rufe ruwa, ko kunnenka bai ji shela ba? To ku matso. Kande, rage fitilar nan. Ba tatsuniya zan yi muku ba, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Labarin Baffa Tanimu ne."

Na rage fitila. Duk muka waiga ɗakin baya, inda Baffa Tanimu yake kwana. Tun da muka yi wayo ba mu taɓa jin muryarsa ba, ba mu taɓa ganin bakinsa ba. Kullum a naɗe yake da rawani. Yaya Hassi ta yi ƙasa da murya ta fara.

*

Ku bebe kuka san shi. Ni na san shi lokacin da babu mai bakinsa a garin nan. Shekara ashirin yana birni yana tuƙa manya. Ya dawo da tumbi, da agogo, da wata doguwar sandar fatsa mai ƙarfen naɗe zare. Shi ba masunci ba ne. Kifi ma ba ya ci, wai ƙarni. Sha'awa ce kawai ya koyo wurin iyayen gidansa: ya kamo, ya ɗaga sama, a ɗauke shi hoto, ya mayar ruwa.

Dokar tafki kun san ta, amma bari in maimaita saboda masu kunnen ƙashi. Idan damina ta sauka kifi ya ɗauki ƙwai, Sarkin Ruwa zai kafa sanda a bakin tafki ya kifa fasasshiyar ƙwarya a kanta. Daga ranar ba jan koma, ba jefa ragar birgi, ba fatsa, sai bayan wata uku. Ko an buɗe ma, wanda ya kama mai ƙwai dole ya mayar. Mayarwar kuma tana da yadda ake yin ta. Ka jiƙa hannunka. Ka zare ƙugiya a hankali. Ka sa kifin a ruwa ka tallafe shi har ya motsa da kansa. Ba a mayar da kifi da ƙarfe a baki.

To nan Baffa ya kauce. Tarwaɗa haɗiye ƙugiya take yi, shi kuma ba ya son yauƙi a hannunsa. Sai ya zaro ɗan almakashi ya datse zare, ya tura kifin ruwa da ƙafa. Ƙugiya ai yana da ita cike da gwangwani.

Sarkin Ruwa Nomau, Allah ya jiƙansa, har gida ya tako.

"Tanimu, ka ga ƙwarya a kife?"

"Na gani, Sarki. Amma ni ba su nake yi ba. Wasa nake. Abin da na kama mayarwa nake yi."

"Yaya kake mayarwa?"

Baffa ya zaro takarda daga aljihu. "Ga izinina daga birni, har da hatimi."

Nomau ko karɓa bai yi ba. Ya ce, "In ka karanta ta har ƙasa, ita ma ta ce ban da lokacin ƙwai. Ni dai na faɗa maka. Ni bakin ruwa nake tsaro. Cikinsa akwai mai shi."

Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ma na yi magana. Na ga tarwaɗa ruwa ya turo ta gaɓa, ta rame, ciki fal da ƙwai, zare na reto a bakinta. Yunwa ce ta kashe ta. Na ce, "Baffa, ka ji tsoron Allah." Ya ce in koma in ci gaba da shan hayaƙina.

Ranar wata Talata ce. Ya san mutanen Sarki safe da yamma suke zagaye, sai ya zaɓi rana tsaka, lokacin da kowa ya fake a inuwa. Shi kaɗai ya tafi. Ya wuce ƙwaryar nan a kife. Ya zauna a gindin bishiyar baushe ya jefa fatsa.

Ba kwaɗo. Ba tsuntsu. Ko ƙuda babu.

Ruwan ya kwanta luf.

Ya kama wata tarwaɗa mai ciki. Ya datse, ya tura da ƙafa. Ita ce ta goma tun da aka rufe ruwa. Ya ɗaura sabuwar ƙugiya, ya soka mata tana.

Sai ya ji an ce, "Mai fatsa, ana sa'a?"

Ba sallama. Muryar kuma ba daidai take ba, kamar mutum ya sa kai cikin randa yana magana.

Ya juya. Mace ce, doguwa, baƙa wuluk, da tsohon ciki. Ta ja mayafi ta rufe baki. Zaninta sharkaf, ruwa na ɗiga, alhali kwana uku ba a yi ruwan sama ba.

Ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

"Nan kusa."

Ya dubi hanya. Sawunsa ne kaɗai a kan taɓo. Ya dubi bakin ruwa. Wata alama ce mai faɗi ta fito daga cikin tafki, kamar an jawo buhu, ta zo ta tsaya daidai inda matar take. Ya saci kallon ƙasan zaninta. Ba yatsu. Ba dunduniya. Wani abu ne shimfiɗaɗɗe, baƙi, mai santsi, yana ɗan motsi a cikin taɓo.

Ya nemi addu'a ko ɗaya, ta ɓace masa.

Ta ce, "Taimako na zo nema. Ka cire mini wani abu."

Ta sauke mayafi.

Zaruruwa ne ke reto daga bakinta. Goma. Leɓɓanta sun yage, sun kumbura, suna ruwa. Ƙugiyoyi a leɓe, a dasashi, a harshe, wasu sun fara tsatsa.

"Ka jiƙa hannunka," in ji ta. "Ka zare su ɗaya bayan ɗaya. A hankali. In ka yi, ka tafi gidanka."

Kun ji fa. Hanya ta ba shi. Wallahi duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci. Da ya tsoma hannu a ruwa, da yanzu yana zaure yana cika mu da labarin birni. Amma ya dubi yauƙin da ke zuba daga haɓarta, ƙyama ta kama shi. Hannunsa ya tafi aljihu, inda ya saba zuwa. Ya fito da almakashi.

Ta dubi almakashin. Ta dube shi.

"Har yanzu datsewa za ka yi?"

Bai ga motsinta ba. Sai dai ya ji bayansa ya bugu da ƙasa. Ta danne masa ƙirji da cikin nan nata, haƙarƙari biyu suka karye, ya ji ƙararsu da kunnensa. Ya buɗe baki zai yi ihu, ta cusa yatsu ta riƙe muƙamuƙin. Hannun sanyi ƙalau, kamar ƙasan tulu.

Ta kama zare ɗaya a bakinta ta fizge, ya fito da tsoka. Ta soka masa a leɓen sama, ta ja har tsinin ya ɓullo.

"Wannan 'yata ce. Kwana tara ba ta ci ba."

Ta fizgo na biyu. Dasashi.

"Wannan ƙwai dubu ke cikinta."

Na uku a harshe. Na huɗu ma a harshe. Yana shure-shure, yana tonon taɓo da dunduniya, jini na komawa maƙogwaronsa. Ba ta yi sauri ba. Kowace ƙugiya sai ta faɗi mai ita. Har goma.

Sannan ta ɗauko sandarsa. Ƙugiyar da ya ɗaura tana nan, tanar na murɗawa a jikinta. Ta sa masa can cikin maƙoshi, ta toshe masa hanci da baki.

"Haɗiye."

Ya haɗiye.

Ta ɗaga shi kamar ƙunshin wanki ta wurga tsakiyar tafki. Ta zauna a gindin baushe, daidai inda yake zama, ta fara naɗe zare. Ta jawo shi, ta sake. Ya nutse, ya sha ruwa, ta sake jawowa. Kowane ja daga hanjinsa yake jin sa. Da ya daina motsi ta jawo shi gaɓa, ta ɗaga shi sama da zaren, ƙafafunsa na lilo. Ya ce a nan ya ga kawuna sun taso a kan ruwa. Baƙaƙe, masu gashin baki, daga wannan gaɓa har waccan. Ba motsi. Kallo kawai suke yi. Ta juya shi dama, ta juya shi hagu, kowa ya gani.

Ta ce, "Kada ka damu. Ni ma wasa nake. Mayarwa nake yi."

Ta ɗauki almakashinsa ta datse zaren a bakin leɓensa. Ta tura shi kan hanya da wannan abin da take tafiya da shi.

Da la'asar muka same shi, ni da Nomau, da muka ga bai dawo ba. Kwance rub da ciki, ƙudaje sun rufe fuskar. Na kai hannu zan taɓa, Nomau ya buge mini hannu. Ya ce, "Jiƙa shi tukuna, Hassi." Na jiƙa. Shi ya riƙe kan, ni na zare. Goma na cire da hannun nan nawa, ina kuka ina zarewa. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Kwana uku yana zazzaɓi yana magana da ƙyar. A nan ya faɗa mana duk abin da na faɗa muku. Rana ta huɗu harshen ya sandare, shi ke nan. An kai shi asibiti a birni, aka ɗauki hoton cikinsa. Ga ƙugiya nan ɓaro-ɓaro. Aka shirya fiɗa, aka sake ɗauka, ta bar wurin ta koma wani. Sau uku ana haka, likita ya ce mu tafi da shi gida. Mai son hoto, hotonsa na ƙarshe ke nan.

Sandar kuwa ba a gan ta ba har yau.

*

Yaya Hassi ta gyara zama. Ni dai na ƙanƙame gwiwoyina. Ilu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Amma ai ta sake shi, Yaya. Ta datse zaren."

"Wanda ido ke gani ta datse."

A lokacin muka ji. Daga ɗakin baya. Wani ja a ƙasa, kamar ana jan buhu. Sai kakari. Sai ƙarar itace yana amsawa. Duk damina mukan ji wannan, iyayenmu su ce farfaɗiyar Baffa ce ta tashi, mu koma barci.

"Ba farfaɗiya ba ce," in ji Yaya Hassi. "Duk shekara in aka kifa ƙwarya, sai matar nan ta ɗauko sandar. Wata uku babanku na ɗaure shi da igiya a ƙugu, a jikin ginshiƙi. Bara igiya ta tsinke, a ruwa iya gwiwa muka cim masa. Yau babanku ya yi tafiya." Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "Ilu, tun da hannunka na ƙaiƙayin riƙe zare, taso ka riƙe wannan."

Ta ɗauki fitila. Muka bi ta, ba don muna so ba, sai don ba mai iya zama shi kaɗai.

Baffa Tanimu yana kwance a ƙasa, rawanin ya warware. Ban zan faɗi yadda bakin yake ba. A buɗe yake, ya miƙe wuya wajen gabas, wajen tafki. Hannayensa biyu sun rungume ƙafar gado, yana riƙewa iya ƙarfinsa. Hawaye na bin kuncinsa. Igiyar ƙugunsa ta miƙe ƙam, ginshiƙi na kuka.

Ilu ya kama igiyar da hannu biyu, ya kafa ƙafa. Ta ja shi taku ɗaya. Ta saki. Ta sake ja.

Ya waigo, idanunsa sun firfito.

"Yaya," ya ce da raɗa, "ba Baffa ne ke ja ba."

"Na sani. Riƙe da kyau." Ta kama bayansa, ta naɗe igiyar a hannunta. "Kuma ku ji ni, dukanku. In ƙwarya na kife, ko kallon hanyar Baushe kada ku yi. In an buɗe, kada wanda ya je shi kaɗai, balle rana tsaka. In kuma wata ta ce ku cire mata wani abu, ku jiƙa hannunku."

Har aka kira assalatu muna riƙe da igiyar. Da gari ya waye tafin hannun Ilu duk ya saɓule. Da wannan hannun ya tsince ƙugiyoyinsa uku daga kan tabarma, ya kai wa Yaya Hassi, ta jefa su cikin wutar banda.