Zanen da Aka Sa a Cikin Lefe

"A mayar musu da akwatunansu! Yau ɗin nan!"

Muryar Gwaggo Mero ce, ƙanwar mahaifina. Ina ɗakin Baba ina ba shi kunu a cokali lokacin da na ji ta. A ranar aka kawo lefena gidanmu na Abakpa. Mata sun cika falo, ana buɗe akwati ana guɗa. Sai guɗar ta yanke.

Na fito. Gwaggo tana riƙe da wani allon zane da aka ciro daga akwatin ƙarshe. Ni ce a jiki, na gane ɗankwalina. Amma fuskar ta rabu biyu, hanci ya juya gefe, ido ɗaya ya fi ɗaya sama, baki ya karkace.

Tun daminar da ta gabata ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya ja hagu. Duk macen da ke falon ta san da haka.

"Nafisat, kin ga aikin mai fentin naki?" in ji Gwaggo. "Ubanki na kwance da karkataccen baki, shi kuma ya zano 'yarsa da karkataccen baki! A gaban jama'a!"

Juwairiyya, yayar Sharhabil wanda zan aura, ta durƙusa.

"Wallahi Gwaggo, a ɗakinsa na gani a lulluɓe. Na ɗauka tsarabar amarya ce, na saka. Bai ma san..."

"Kwashe ki tafi!"

Kafin magariba akwatunan sun koma gidansu Sharhabil a Unguwar Shanu. Zanen ne kawai aka bari, don babu wadda ta yarda ta taɓa shi. Aka jingine shi bayan ƙofa.

Sharhabil malamin zane ne a wata sakandare a Kawo. Asabar da Lahadi kuma yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci, gefen tasha. A wancan lokacin ba a sake gina gadar Kawo ba, akwai wata inuwa da direbobi ke shan shayi, can na fara ganinsa da fenti har gwiwar hannu. Yau babu inuwar, babu mai shayin.

Yana da wani tsohon littafi da ya saya a bakin titi, na wani mashahurin mai zane ɗan ƙasar Sifaniya. In ya zo zance, rabin hirarmu labarin mutumin ne. Ubansa malamin zane ne. Tun yana yaro yake zana mutum kamar an ɗauki hoto. Ya koma Faransa da zama. Da abokinsa ya mutu, ya yi shekaru yana zane da shuɗi kusan zalla. Daga baya ya fara farfasa fuskoki, yana nuna gaba da gefe a lokaci guda. Da jiragen yaƙi suka ragargaza wani gari a ƙasarsu, ya zana abin da baƙi da fari da ruwan toka. Ya haura shekara casa'in bai ajiye buroshi ba.

"Wato ya iya, sai ya bari?" na taɓa tambayarsa.

"Ya iya, sai ya wuce."

"Ko dai kansa ne ya taɓu?"

"Sahibata, ke ma da kika gan ni cewa kika yi mai fentin mota ne."

"To, ƙarya na yi?"

Ranar lefen ya kira ni sau da yawa kafin na ɗauka.

"Nafi, ki saurare ni..."

"Me ya sa bakin?"

"Wallahi ban kawo Baba a raina ba. Ban gama shi ba ma. Ba don a gani na yi ba!"

"An gani."

Na kashe wayar. Na yi kuka, amma ba mai yawa ba. Mama ta rasu tun ina makaranta, yayana yana aiki a Fatakwal. Ni ke juya Baba, ni ke ba shi magani. Na ce a raina, wataƙila haka ya fi.

Da safe Baba ya ƙi karɓar cokali. Magana tana yi masa wuya, sai ya tattaro ta kalma-kalma.

"Kawo... zanen."

"Baba, ba abin kallo ba ne."

"Kawo."

Na jingina masa shi a kan kujera. Ya daɗe yana kallo. Mutum ne da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, bai taɓa sa hannu a takardar da bai karanta ba. Can ya ce, "Kira shi."

Sharhabil ya zo bayan la'asar. Ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa. Gwaggo ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu.

"Fuska biyu," in ji Baba. "Don me?"

Sharhabil ya sunkuyar da kai.

"Baba, haka nake ganinta."

"Ka ji ko, Yaya!" Gwaggo ta tafa hannu. "A gabanka ma!"

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ta ja da baya.

"Tun da ka kwanta," in ji Sharhabil, "in na zo zance ba ta taɓa ba ni fuskarta duka ba. Ido ɗaya yana kaina, ɗayan yana kan tagar ɗakin nan. In tana min dariya, rabin bakin ne ke yi, rabin yana jira ya amsa in ka yi tari. Na gwada zana ta daidai, sai ya fito kamar wata ce daban. Ban yi don izgili ba, Baba. Amma na ɓata muku rai, ku yafe min."

Ni dai na kasa ɗago kai, domin ko a lokacin ma idona yana kan kofin ruwan Baba.

Baba ya juyo gare ni. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi.

"Sau nawa... kika ɗaga ranar auren?"

Ya san amsar, ya kuma san saboda jinyarsa ne.

"Akwatuna... su dawo."

"Yaya! Wa zai kula da kai?"

"Ke."

Washegari Gwaggo ta aika a kwaso mata kayanta, tana mita tun daga ƙofar gida. Ba ta sake kwana a wani wuri ba har ƙarshen ransa, kuma bai kai wata daminar ba.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Sallah. Da za a kai ni, aka shigar da ni ɗakinsa a lulluɓe. Na durƙusa, na riƙe hannunsa, na ƙi saki. Mata suna ta kira daga waje, mota tana jira.

Ya zare hannun da kansa.

"Tafi, Nafisatu... kada ki waiwayo."

Sharhabil ya ce tun daga Abakpa har Unguwar Shanu, ƙeyata kawai direban ya gani a madubi, ina ta waiwayen gida.