Malamar Ƙetaren Kogi

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye a kan kujera tana toshe ɓular rufin aji da leda, yara sama da tamanin sun ɗaga kai suna kallonta.

"Malama, sauko kada ki faɗi," in ji shi daga bakin ƙofa. "Wannan aikina ne."

Ta juyo ta dube shi. Dogon saurayi ne, da fensir maƙale a bayan kunne da jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Kai ne kafintan da aka ce za a turo tun bara?"

"Ni ne. Amma ni jiya aka gaya mini."

"To sannu da saurin zuwa."

Yara suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, har ya manta da gaisuwar da ya shiryo.

Makarantar ɗaki biyu ce, aji huɗu, malama ɗaya. Ita ce hedimasta, ita ce mai kaɗa ƙararrawa, ita ce mai raba faɗa. Sai ta rubuta wa wannan ɗakin lissafi a allo, ta ruga wancan ta fara karatu, kafin ta kai layi na uku hayaniya ta tashi a baya. Duk malamin da aka turo, mako guda yake yi ya gudu. Kogi ne tsakanin ƙauyen da titi. Da damina ta kankama mota ba ta ƙetarewa. Sabis na waya kuwa sai an hau tudun bayan makaranta, kusa da tankin ruwa.

Kwana goma sha biyu kafintan ya yi yana gyaran rufi da bencuna. Ya lura kafin azahar muryarta ta dishe. Ya lura tana karya alli gida uku don ya kai ta ƙarshen mako. Ranar da zai koma gari ya tsaya yana ta jujjuya guduma a hannu.

"In benci ya karye, ta yaya za ki sanar da ni?"

"Ka yi su da rashin ƙwari ne?"

"A'a. Amma ina fatan ko ɗaya ya karye."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta karanto masa lambarta.

Daga nan tudun tanki ya zama wurin hutunta. Da an tashi hutun ƙarfe tara sai ta haye, ta ɗaga waya sama, saƙonsa ya shigo, ta mayar masa da amsa.

"Malamata, yau na yi kuskuren awo har sau uku. Maigidana ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce masa ciwon yana ƙetaren kogi."

"Mai Guduma, ka daina ɓata katakon mutane da sunana. Ka tuna 'yar ƙaramar nan da ba ta magana? Yau ta karanta layi guda ita kaɗai. Kai na fara son gaya wa."

"To ni yaushe za a koya mini karatun zuciyarki?"

"Ai ka daɗe da haddacewa. Neman magana kawai kake yi."

Da hutu ya zo ta tafi gida, ta tarar an riga ta. Wani jami'in ofishin ilimi, mai zuwa duba makarantarta sau ɗaya a shekara, ya gabatar da kansa wurin Babanta. Ya zo da takardar canjin wurin aiki zuwa cikin gari, sa hannunta kawai ake jira, ya kuma nuna yana sonta da aure.

"Idan na tafi, wa za a kai madadina?" ta tambaye shi.

"Za a duba."

Ta san ma'anar wannan. Kwaɗo za a sa wa ƙofa.

Da ta ambaci kafintan, Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan gwiwa. Tsohon malami ne da ya yi ritaya, ba mai ɗaga murya ba.

"Shekara ashirin da takwas na yi ina koyarwa a ƙauyuka," ya ce. "Ƙaninki a hannuna ya cika, a bakin ruwa, muna hangen titin asibiti ba halin ƙetarewa. Na ba ƙauye ƙuruciyata, na ba shi ɗana. Ke kam ba zan bayar ba. Wannan kafintan zaunar da ke zai yi a can. Ki sa hannu."

"Baba, yara tamanin da bakwai ne."

"Ni kuma ke kaɗai ce ta rage mini."

Mama tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi. Haka ta koma ƙauye ba ta sa hannu ba, ba ta kuma ce ba za ta sa ba.

Damina ta sauka. Kwana shida ba sabis ko ɗigo. Ran na bakwai saƙo ya shigo.

"Na ji a tasha daga bakin direban ofishinku, wai takardarki ta fito, kuma bayan damina aurenki da jami'in. Ban ga laifinki ba, Malama. Wanda zai fitar da ke ya fi mai gyara miki benci. Allah ya sanya alheri."

Malama. Ba Malamata ba. Ta rubuta amsa, ta tura, saƙon ya ƙi tafiya. Ta zagaya tankin, ta ɗaga wayar har kafaɗarta ta ƙage. Ƙararrawa na jiranta, dole ta sauka. Washegari ma haka. Ta ji kamar an rufe ta a ɗaki an tafi da makulli: in ta tafi yara sun rasa, in ta zauna Baba ya rasa, ga wanda take so can yana yi mata addu'ar auren wani.

Ana cikin haka Baba ya iso a motar ƙarshe da ta iya ƙetarewa, takardar tana aljihunsa.

"Haɗa kayanki. Gobe da safe za mu tafi."

Da la'asar hadari ya haɗu. Iska ta yaye rufin ɗaki ɗaya ta jefar a gonar wani. Kafin gari ya waye kogi ya cika har ya shanye hanya. Wanda ya zo ɗaukarta, shi ma ya maƙale.

Aji huɗu suka cunkushe a ɗaki guda. Baba yana zaune a baranda, fuska a murtuke, yana jin 'yarsa tana fama. Rana ta uku muryarta ta ɗauke gaba ɗaya, tana buɗe baki ba abin da ke fita. Ya daure, ya daure, sai ga shi a bakin ƙofa.

"Wa ya koya muku rubuta bakwai a kwance? Ke, ba ni allin nan. 'Yan aji uku da huɗu, ku biyo ni gindin bishiya."

A ranar ne ta hau tudu ta rubuta wa kafintan sabon saƙo, ya kuwa tafi.

"Mai Gudumana, ƙarya aka gaya maka. Ban sa hannu ba, ban amsa wa kowa ba. Iska ta ɗauke rufin aji, Baba yana nan, kogi ya cika. Ban ce ka zo ba, kada ka zo. So nake kawai ka sani, ni taka ce."

Bayan kwana biyu, da ruwa ya ɗan ja zuwa ƙirji, sai ga shi tare da maza huɗu na ƙauyen, sun ɗauro kwanon rufi a ka, sun jiƙe sharkaf. Ta fito ta tsaya a ƙofar aji.

"Ba na ce kada ka zo ba?" ta faɗa da 'yar muryar da ta rage mata.

"Malamata, daga 'ni taka ce' na fara karantawa. Sauran ban gane ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya taso har gabansa.

"Wannan wace irin wauta ce? Ka san abin da ruwa yake yi? Da ya tafi da kai, me za a gaya wa mahaifiyarka?"

Kafintan ya durƙusa. "Na yi kuskure, Baba. A gafarce ni."

"Gaya mini. In 'yata ta kwanta ciwo tsakiyar damina, kan naka za ka ɗora ta kamar kwano?"

Kafintan ya ɗago kai. "Gada ta fi ƙarfina, Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma kwalekwale bai fi ƙarfina ba. Mun yi magana da mutanen nan a hanya, su za su kawo katako, ni zan ƙera. Zan dawo da shagona nan. Ba don ita kaɗai ba, akwai masu ciki, akwai tsofaffi."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya juya ya dubi 'yarsa, ya dubi yaran da ke leƙe ta taga.

"Ka rufa ajin tukuna. Sannan ka ƙera. Sai na shiga da kaina na ƙetare, sannan mu yi magana."

Mako uku aka yi ana sassaƙa da bugun ƙusa a bakin kogi, Baba kuwa kullum yana gindin bishiya da alli a hannu, yana mita yana koyarwa. Ranar da aka tura kwalekwalen ruwa, shi ya fara shiga. Ya riƙe gefe da gefe tamau, idonsa a rufe, bakinsa na motsi. Da suka taɓa ɗaya gaɓar ya fita ya tsaya, ya juya wa kowa baya, ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa kafintan, "Ka turo manyanka."

Baba ya mayar wa jami'in takardarsa ba sa hannu, ya ɗora masa wata a kai: roƙon ƙarin malamai, da dangwalen yatsun iyaye sittin da ɗaya. Kullum yana ofishin tun safe, har suka gaji da ganinsa suka turo malami ɗaya. Ya ce saura ɗaya, zai dawo.

Bayan damina aka ɗaura aure. Mama ta rungume ango tana cewa, "Ka sace mini 'ya, ka kuma mayar mini da miji bakin aiki, Allah dai ya shirye ka."

Baba ya haɗa hannayensu a cikin nasa.

"Na so in raba ki da wurin nan don tsoro, 'yata. Tsoron bai tafi ba, amma na yarda. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Allah ya sa yaran nan su zama abin alfaharinku. Kai kuma, amana ce na ba ka."

"Na karɓa, Baba."

Amarya ta dubi angonta ta ƙasan ido, ya matse yatsunta a hankali, duk ɗakin ya amsa da amin.