Lambar da Auta Ta Ƙi Canzawa

Keken ɗinkin Umma na tsaka da ƙara Auta ta faɗo falon, ko sallama ba ta ƙarasa ba, takarda a hannu, mayafi a kafaɗa.

"Umma! Sun ɗauke ni! Wallahi sun ɗauke ni!"

"Wa ya ɗauke ki, ga ki tsaye a gabana kamar an jefo ki daga sama?" Umma ta cire allura daga baki. "Zauna ki yi magana irin ta mutane."

Auta ba ta zauna ba. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun kimiyyar sinadarai. Duk shekara jami'ar kan tura ɗalibai horon bincike na wata shida a wuraren da take hulɗa da su: wasu asibiti, wasu gonar gwaji, wasu kamfanin manhaja. Cikin ɗari biyu da suka nema, sha biyu aka zaɓa, ita kuma aka ba ta lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wani kamfanin tace ruwa.

"Kuma kin san wa zai zama mai duba aikina daga jami'a? Farfesa!"

Umma ta yi murmushi. "Surukin naki? To, faɗuwa ta zo daidai da zama."

Auta ta rufe fuska da takardar. Shekara biyu ke nan suna tare da Injiniya, ɗan Farfesa na fari, saurayi mai sanyin magana da ba ya iya kallon mutum cikin ido in zai ce a'a. Iyaye sun gana, an tsayar da magana: da ta gama karatu sai aure. Ita marainiya ce, 'yar mai ɗinki. Shi kuwa gidansu har mai ba furanni ruwa akwai. Tun farko Momi, mahaifiyarsa, ba ta so ba. Farfesa ne ya ce yarinya mai ƙwaƙwalwa ta fi mai gwal.

Lab ɗin ɗaki ne mai sanyi, fari fat, da dogayen tebura da kwalabe jere kamar sojoji. Aikin Auta guda ɗaya ne. Farfesa ya ƙirƙiro wani matacin ruwa, tulu ne na roba mai gawayi na musamman a ciki, wanda zai cire gubar dalma daga ruwan rijiya. Kamfanin na so ya kafa shi a makarantun firamare, amma sai an gwada. Kullum da safe Auta ta zuba gurɓataccen ruwa ta sama, ta tari wanda ya fito ta ƙasa, ta sa a na'ura, ta rubuta lamba.

Sati biyun farko lambobin suka fito tas, har tana ɗaukar hoto tana tura wa Injiniya. A sati na huɗu lambar ta ɗaga. A na shida ta ninka abin da jikin yaro zai iya ɗauka sau biyar.

Ta zaci kuskurenta ne. Ta wanke kwalabe, ta sake saita na'ura, ta maimaita har sau tara. Lamba ta ƙi sauka. Gawayin ne ke ƙoshi. Da ya ƙoshi sai ya fara sakin gubar da ya haɗiye.

Ta ɗauki rahoton ta kai wa Farfesa ofis, tana ganin ta yi abin kai.

Ya karanta shafin farko, ya cire tabarau, ya tashi ya rufe ƙofa.

"Wa ya ga wannan?"

"Ba kowa, Baba. Kai na fara kawo wa."

"Madalla. Yarinyar kirki." Ya tura mata takardar da yatsa ɗaya. "Daga sati na huɗu zuwa ƙasa, ki gyara. Ki mayar da su kamar na farko, ki sa hannu."

Auta ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Baba, in gyara na'urar?"

"Ki gyara lambobin."

"Amma yara ne za su sha..."

"Shekara goma sha ɗaya na yi a kan wannan aiki!" Ya buga tebur har biro ya faɗi. "Saura wata ɗaya a sa hannu a kwangila da kamfanin. Ke da ko digiri ba ki riƙe ba za ki koya min dalma? Za a gyara daga baya. Ki tuna wa ya tsaya miki a gidana lokacin da kowa ke cewa ba ajinmu ba ce ke."

Ta ɗauki rahoton ta fito.

Da la'asar Injiniya ya zo. Suka zauna a kan benci a ƙofar gida, inda suka saba. Ta ɗauka ya zo ya rarrashe ta ne.

"Filis, Auta," ya ce yana kallon takalminsa. "Lamba ce fa kawai."

"Lamba ce kawai? Kai injiniya ne, ka san ba lamba ba ce kawai!"

"Baba ya ce na'urarku ce ke da matsala."

"Sau tara na maimaita!"

"To ni ya kike so in yi? Ubana ne! Tun da ya dawo bai ci abinci ba, Momi sai kuka take." Ya ɗago, idonsa ja. "Ki zaɓa: ni ko lambarki."

Ta kalle shi. Wannan ne mutumin da ya taɓa tafiya a ƙafa cikin ruwan sama don ya kawo mata littafin da ta manta ranar jarrabawa.

"Kai ka kawo zaɓin," ta ce a hankali, "ba ni ba."

Ko Umma sai da ta roƙe ta. "Auta, ba a jayayya da mai hannu da shuni. Mu su wa? Ki sa musu hannun nan, alhakin na wuyansu."

"Umma, da a ce ni ce yarinyar da za ta kafa baki a famfon fa? Wata ta sa hannu, ta ce alhakin na wuyan wasu?"

Umma ta koma kan ɗinkinta har aka kira sallar magariba. Da ta tashi yin alwala ta ce, "Kar ki sa."

Washegari Auta ta miƙa rahoton yadda yake ga Madam, shugabar lab.

Sai dai Farfesa ya riga ta. Ya rubuto cewa ɗalibarsa ta gurɓata samfura saboda sakaci, ya nemi a sake gwaji. Aka sake, amma da sababbin matatai da ya aiko daga ofishinsa, kuma na kwana goma kacal, don lokaci ya ƙure. Lambobi suka fito tas. Auta ta roƙi a jira sati shida, Madam ta ce, "Tsakanin farfesa da ɗaliba, ke a ganinki wa zan saurara?" Mai gadi ya karɓe katin shigarta a gaban sauran ɗalibai, aka ba ta jakarta a leda.

A jami'a kwamiti ya zauna. Uku daga cikin mambobinsa biyar ɗaliban Farfesa ne a da. Ba a yi minti ashirin ba aka dakatar da ita shekara guda, bisa laifin ƙirƙirar sakamako. Ita da ta ƙi ƙirƙira!

Ranar Asabar da hantsi Momi ta zo da mota. Ba ta shigo ba. A tsakar layi ta tsaya don maƙwabta su ji. Direba ya sauke kwali, ta juye shi a ƙasa: hotuna, agogon da Auta ta saya wa Injiniya, hular da Umma ta ɗinka masa da hannunta.

"Ga tarkacenku! An fasa! Mun jawo ki inuwa kin zo kina sare bishiyar. Dama tsintacciyar mage ba ta mage. 'Yar tela, ki koma ki riƙe almakashi, shi ne gadonki!"

Umma ta fito ta durƙusa tana tsince hotunan daga ƙasa. Wannan durƙuson ya fi komai ƙona ran Auta. Ta ɗaga kai ta hango Injiniya a kujerar baya ta motar, ya sunkuyar da kai. Ta kira sunansa sau ɗaya. Gilashin ya ɗago a hankali har ya rufe.

Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ƙawaye suka daina kira. Wata ta rubuta a zauren ajinsu na waya cewa wai so ta yi ta tatsi Farfesa ya ƙi, labarin ya zaga kamar wutar daji. Masu kawo ɗinki suka ragu, waɗanda suka zo ma kallon Auta suke zuwa yi. Ranar da 'yan ajinsu suka sa rigar kammalawa, ita tana ɗaki tana dasa maɓallai. Kawunta ya zo ya ce ta je ta durƙusa ta ba Farfesa haƙuri, ko a maido da maganar aure.

"Kawu, in ba shi haƙurin me?"

"Taurin kai irin na ubanki! To ki zauna, gaskiyar ta aure ki!"

Ta zauna ɗin. Ta samu wata ƙaramar makaranta tana koyar da lissafi. Duk sanda ta ga yara sun yi layi a famfo sai ta tuna da lambar nan. Ta rubuta wa kamfanin wasiƙa har huɗu, ta rubuta wa hukumar lafiya, ba wanda ya amsa wa korarriyar ɗaliba.

Wata takwas bayan haka, da safe tana shara, aka yi sallama. Injiniya ne, ya rame har rigarsa na lilo a jikinsa, ba mota, sai jaka a kafaɗa.

Ta ci gaba da shararta.

"Ba na zo neman komai ba ne," ya ce. "Ki ji kawai. Ni Baba ya ba aikin kafa matatan. Makarantu goma sha ɗaya na kafa. Kwanaki na koma ta farkon dubawa, ana zafi, shugabar makarantar ta tari ruwa a kofi daga famfon ta miƙo min, tana ta sa min albarka." Ya sauke jakar daga kafaɗa. "Auta, na kasa sha. Hannuna ya ƙi kai kofin baki. Ga yara sun fi talatin a layi, kowa da gorarsa. A nan na gane tun farko na yarda da ke, tsoro ne kawai ya hana ni faɗa."

Tsintsiyar ta tsaya.

"Na ɗebi ruwan na kai lab biyu da ba su san Baba ba. Lambarki ce ta fito, har ta fi. Na bi makarantun duka na ɗaure famfunan da hannuna, na kai wa Madam takardun, na kai hukuma. Jiya Baba ya ce in na fita kar in sake kiransa uba."

"Yaran fa?"

Ya sunkuya. "An gwada jininsu. Goma sha bakwai na asibiti."

Ta ji kamar an soke ta. "Goma sha bakwai! Da ka buɗe baki ranar da ka zauna a bencin nan, da ko ɗaya babu. Ni ka rufe wa gilashi, wannan zan iya yafewa. Su fa? Je ka nemi yafiyar iyayensu, ba tawa ba!"

Ta shige ta rufe ƙofa, ta jingina da ita tana kuka marar sauti.

Ya je kuwa. Gida goma sha bakwai ya bi ɗaya bayan ɗaya. A wani aka zage shi, a wani uban yaro ya mare shi, bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya gaban kwamitin bincike ya ba da shaida a kan mahaifinsa, yana magana hawaye na zuba. Aka sauke Farfesa daga kujerarsa. Jami'a ta rubuto wa Auta takardar wankewa. Madam da kanta ta zo har gida, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta ce, "Na ji kunya, 'yata. Teburinki na nan, in za ki iya dawowa."

Ta koma. Wata bakwai ta yi tare da wasu ɗalibai biyu, ɗaya daga sashen injiniyanci, ɗaya daga na lafiya, har suka gano yadda za a ƙara wa matacin wani sashe da alamar da ke canza launi in gawayin ya ƙoshi. Yaran suka warware, ban da wata 'yar shekara shida da karatu ya zame mata da wuya har yau. Injiniya ne ke kai ta asibiti duk wata.

Shekara guda cur yana zuwa gaishe da Umma, Auta ba ta fito masa ba. Ranar da ta fito, tambaya ɗaya ta yi masa.

"In gobe Umma ce ta ce in canza lamba, me za ka ce min?"

Ya kalle ta cikin ido, bai kauce ba. "Zan ce a'a. A gabanta."

Aka ɗaura aure ba hayaniya. Farfesa bai zo ba, Momi ma haka. Duk Juma'a Injiniya kan je ƙofar gidansu ya yi sallama, ya tsaya, ya dawo, domin uba uba ne ko ya ɓata. Auta ce ke tuna masa in aiki ya sha kansa. Sai a shekara ta uku aka buɗe masa ƙofar.

'Yan'uwana matasa, duk soyayyar da ta ce ka sayar da gaskiya kafin ta karɓe ka, ba masauki ba ce, tarko ne. Biyayya ga manya wajibi ce, amma ba a kan cutar da bayin Allah ba. Auta ta rasa shekara, ta rasa suna, ta sha zagi a tsakar layi. Da ta yi haƙuri sai suna da aiki suka dawo mata, har da mijin da ya koyi tsayawa da ƙafafunsa. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.