Khaulat da Jirgin Gonar Shinkafa

A bayan kasuwar Azare akwai wata yarinya mai suna Khaulat. Mahaifinta, Malam Uzairu, tela ne. Kekensa na ɗinki yana ƙofar gida, a ƙarƙashin rumfa.

Khaulat ta iya waya ƙwarai. In wayar Umma ta ƙi kira, ita ke gyarawa. In hoto ya ɓace a wayar maƙwabciya, sai ka ji ana cewa, "Kai wa 'yar gidan tela."

Wata rana Baba ya tambaye ta, "Ke kuwa me kike so ki zama?"

Ta ce, "Ina so in riƙa ƙera na'urori, Baba. Irin waɗanda kwamfuta ke sarrafawa."

Baba ya ce, "Allah ya yi miki jagora."

Da Khaulat ta shiga babbar sakandare, sai Malam Babayo ya tara sababbin ɗalibai. Shi ne malamin da ke ba yara shawara a makarantar.

Ya ce, "Aji biyu ne a gabanku. Ga ajin kimiyya, ga ajin adabi. Kowanne da inda yake kai mutum. Kada ku zaɓa da ka. Ofishina a buɗe yake, ku zo ku tambaya."

Khaulat tana da ƙawa mai suna Surayya. Tun firamare benci ɗaya suke zama. Surayya lauya take so ta zama, don haka ajin adabi za ta.

Surayya ta ja hannunta, ta ce, "Don Allah zo mu zauna tare. Kin san Kemistiri kuwa? Yayata har kuka take yi in jarrabawarsa ta zo."

Khaulat ta ce, "To, kwamfutar fa?"

"Ai kowane aji ana yin darasin kwamfuta. Ke da kin riga kin iya!"

Maganar ta yi wa Khaulat daɗi. Ta biyo ta ƙofar ofishin Malam Babayo, ta ga yara sun yi layi. Ta ce a ranta, "Me zan tambaya? Ai na sani." Ta wuce, ta ba da sunanta a ajin adabi.

Da ta koma gida, Baba ya ce, "Kin tambayi malamanki kafin ki zaɓa?"

"Ba sai na tambaya ba, Baba. Kwamfuta nake so, kuma ana koyarwa a can."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce, "To. Ni dai ba na yanka yadi sai na auna." Ya ci gaba da taka kekensa.

Zango na farko ya wuce. Na biyu ma ya kusa ƙarewa. Ana cikin rani sai makaranta ta shirya kai ɗalibai ziyara wata gonar shinkafa a Katagum.

Tun da safe suka shiga bas. Duk hanya ƙasa a bushe take, ciyawa ta yi fari. Amma da suka gangara fadama, sai yara suka leƙa ta tagogi.

Shinkafa ce kore shar, iya ganin ido. Iska na kaɗa ta kamar ruwa. A gefe ga farantan sola a jere suna ƙyalli.

Wata mata ta tarye su. Tana sanye da hijabi, da malafa, da dogon takalmin roba. Malam Babayo ya ce, "Ku gaida Injiniya Ya Gana. Iyayenta mutanen Yobe ne, amma a Azare aka haife ta. A irin bencinku ta zauna."

Injiniya Ya Gana ta ɗaga wayarta, ta ce, "Wa zai ba shinkafar nan ruwa?"

Yara suka duba, ba bokiti, ba guga. Khaulat ta ɗaga hannu.

"Zo, ƙanwata. Taɓa nan."

Khaulat ta taɓa da ɗan yatsa ɗaya. Can nesa, kusa da kogi, wani inji ya yi gurnani. Sai ga ruwa ya ɓullo daga bakin bututu, fari fat, yana gudu cikin kwalbatin gona.

Khaulat ta dubi yatsanta. Ta dubi ruwan. Bakinta a buɗe.

Wani yaro ya ce, "Ikon Allah!"

Injiniya ta yi dariya. Ta sunkuya ta nuna musu wani ɗan ƙarfe da aka soke a ƙasa, kamar doguwar ƙusa.

Ta ce, "Wannan ke gaya mini in ƙasa ta ji ƙishi. Ko ina gida saƙo zai zo. In ta ƙoshi kuma, injin ya kashe kansa."

Ba ta rufe baki ba sai wani manomi ya yi ihu, "Jan-baki! Ga jan-baki nan!"

Kowa ya ɗaga kai. Daga gabas wani abu baƙi ya taso kamar hayaƙi. Tsuntsaye ne, ba sa ƙirguwa. Suna murɗawa, suna warwarewa, suna nufo shinkafar da ta fara yin ƙwaya.

Injiniya ba ta ruɗe ba. Ta buɗe wani akwati. Ta fito da ɗan jirgi mai fukafukai huɗu, bai fi faranti girma ba. Ta ajiye shi a ƙasa, ta taɓa waya.

Jirgin ya yi ƙugi kamar zuma. Ya tashi tsaye, ba matuƙi, ba igiya. Ya nufi tsakiyar tsuntsayen yana wani kuka irin na shaho.

Nan take baƙin hayaƙin ya dare gida biyu. Tsuntsayen suka juya, suka bi ta saman kogi, suka ɓace.

Yara suka ɗauki tafi. Khaulat kuwa ko motsi ba ta yi ba. Idonta na kan jirgin.

Injiniya ta miƙo mata wayar, ta ce, "Duba abin da jirgin ke gani."

Khaulat ta leƙa. Ga gonar nan gaba ɗaya kamar koren bargo. Ga kogi siriri kamar zare. Ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a gefe.

"Anti, waɗannan fa?"

"Ku ne. Hijabanku ne."

Khaulat ta ɗaga hannu sama. Wani ɗan ɗigo a cikin wayar ya motsa. Ta ce a hankali, "Subhanallah."

Sai ta tambaya, "Anti, sayo shi kika yi?"

"Wasu sassan mun saya. Amma haɗa shi da koya masa aiki, ni da abokan aikina ne."

"Me kika karanta?"

"Digiri ɗaya ne, amma ya haɗa abu biyu, injiniyanci da kwamfuta. Injiniyanci ya ba jirgin jiki. Kwamfuta ta ba shi umarni."

Khaulat ta matso kusa. Ta ce, "Shi nake so! Wallahi shi nake so tun da daɗewa. Me ake buƙata?"

Malam Babayo ya ce wa sauran yara, "Ku matso ku ji."

Injiniya ta ce, "Da farko, kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO. Dole a ciki akwai Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, sai wani darasin kimiyya ɗaya. Yawancin jami'o'i ba sa karɓar sakamakon da ya wuce zama biyu."

"Sai me, Anti?"

"Sai JAMB. Nan ma Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri za ki rubuta. Kuma a samu maki mai kyau, don masu nema suna da yawa. Bayan haka jami'a ta tantance ku. Kowace da nata sharaɗin, sai an duba."

Murmushin Khaulat ya ɓace. Ta ce, "Kemistiri kuma? Me ya haɗa kwamfuta da Kemistiri?"

Injiniya ta sauko da jirgin. Ta zare batirinsa, ta ɗora a tafin hannun Khaulat. Da ɗumi.

Ta ce, "Me kike tsammani ke cikin nan? Sinadarai ne. In ban san halinsu ba, wata rana sai ya kama wuta a sama. Fukafukan nan kuma Fiziks ne ke ɗaga su. Ke wane aji kike?"

Khaulat ta sunkuyar da kai. Da ƙyar ta ce, "Ajin adabi."

Injiniya ta dafa kafaɗarta, ta ce, "Aji ne mai daraja. Daga can lauyoyi da 'yan jarida ke fitowa. Amma wannan ɗaki ba ta ƙofar nan ake shigarsa ba."

A hanyar dawowa yara suna ta surutu. Khaulat ta jingina da taga, hawaye na zuba.

Surayya ta ce, "Ki yafe mini. Ni na ja ki."

Khaulat ta girgiza kai. "Ba laifinki ba ne. Ke kin san inda za ki. Ni ce ban tambaya ba."

Bayan la'asar ta isa gida. Ta tsuguna kusa da keken Baba, ta faɗa masa komai. Ta ba shi labarin ruwan da jirgin, sannan ta faɗi maganar Kemistiri.

Umma ta fito daga madafa, ta ce, "Af! Yanzu shi ke nan, Malam?"

Baba ya ce, "Ba shi ke nan ba. Gobe tare za mu je makarantar."

Washegari suka shiga ofishin Malam Babayo. Bayan gaisuwa, Baba ya faɗi abin da ya kawo su, sai Malam Babayo ya je ya ga shugabar makaranta. Da ya dawo ya zauna, ya dubi Khaulat.

Ya ce, "Zan faɗa miki gaskiya. 'Yan ajin kimiyya sun yi nisa. Zango biyu suna shiga ɗakin gwaji. In aka jefa ki cikinsu yanzu, wahala za ki sha a banza. Hanya ɗaya ce. In sabuwar shekara ta zo, ki sake aji ɗaya a ɓangaren kimiyya."

Khaulat ta zaro ido. "Tare da ƙannenmu, Malam?"

"Tare da su."

Ta dubi Baba. Baba ya ce, "Zaɓi naki ne. Amma yau ki tambayi duk abin da ke ranki."

Khaulat ta share ido. Ta yi tambaya ɗaya, ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Wane darasi ne na biyar? In mutum ya faɗi ɗaya fa? Shekarar da za ta maimaita za ta hana ta shiga jami'a? Malam Babayo ya amsa duka, bai gaji ba.

Daga ƙarshe ta ce, "Na yarda. Zan maimaita."

Abin bai zo da sauƙi ba. Surayya ta wuce zuwa aji na biyu. Khaulat ta zauna da yaran da a bara suke gaishe ta.

Wata ta ce mata, "Yaya Khaulat, faɗuwa kika yi?"

Khaulat ta ji kunya har cikin ƙashinta. Amma ta ce, "A'a. Hanya na ɓata, na dawo."

Kemistiri kuwa da gaske yana da wuya. Gwajin farko ba ta ci da kyau ba. Sai ta koma bencin gaba. Duk abin da ba ta gane ba, hannunta na sama.

Wata rana a ɗakin gwaji malama ta ba ta kwalba mai farin ruwa. Ta ce ta ɗiga wani farin ruwan a ciki. Khaulat ta ɗiga, ta ɗiga. Kwatsam ruwan ya koma ja-ja kamar zoɓo mai ruwa-ruwa. Ta kusa sakin kwalbar don mamaki.

A darasin Fiziks kuma suka naɗa wayar wuta a jikin ƙusa, suka haɗa da batiri. Da ta koma gida ta haɗa irinta. Ta bi ƙarƙashin keken Baba da ita. Allurai da suka ɓace cikin ƙasa suka riƙa tsalle suna mannewa.

Baba ya cire tabarau. Ya ce, "Ikon Allah! Umman Khaulat, zo ki gani!"

Shekaru suka tafi. Khaulat ta rubuta WAEC, ta samu kiredit ɗinta cif, har da Kemistiri. Kafin ta yi rajistar JAMB, sai da ta zauna da Malam Babayo suka duba sharuɗɗan jami'ar da take so. Ta rubuta, ta ci. Ta je tantancewa, ta dawo.

Wata safiya saƙo ya shigo. An ba ta gurbin karatun injiniyanci da kwamfuta.

Umma ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka cika tsakar gida. Surayya ta bugo waya daga jami'a tana ihun murna. Malam Babayo ma ya zo da kansa a kan babur, ya yi wa Baba barka. Baba ya ɗaga hannu sama yana ta hamdala.

Yara, kun ji abin da ya faru da Khaulat. Kafin ku zaɓi aji, ku san me karatun da kuke so yake buƙata. Kada ku bi aboki don daɗin zama tare, kuma kada ku ce kun sani alhali ba ku bincika ba. Ku tambayi malamanku. In kuma kun yi kuskure, kada kunya ta hana ku gyarawa. Mai tambaya ba ya ɓata.